Sikelin Gwamnati

Ranar Talata, a layin masu ciwon sukari,
kin cire takalmi kafin ki hau sikeli,
har da mayafi, wai ko zai yi ragi.
Allura ta yi rawa, ta tsaya a casa'in da huɗu.
Kika ce na gwamnati ne, ƙarya yake yi.

Nas ɗin, wadda ba ta wuce sa'ar jikarki ba,
ta ɗaga biro ta dube ni:
"Hajiya, ke mece ce ɗinta?"
Shekara talatin da ɗaya ina amsa wannan tambaya.
Na ce, "Maƙwabciya."
Ta rubuta. Katin ba shi da layin sauran.

Lantana, da hannuna a cikin nauyin nan.
Abin da baki ya kasa faɗa a tsakar gida
tukunya na bari ta faɗa:
man shanu a kan tuwo har ya yi tafki,
funkaso da taushe, alkaki ranar Juma'a,
shayi da madarar gwangwani, cokali uku na sukari.
Da maigidanki na raye, kwano nake miƙawa ta katanga.
Da ya rasu, na shigo da tukunyar ɗungurungum.
'Yan unguwa suka ce, "Allah ya bar zumunci."
Muka ce amin, kowa na kallon ƙasa.

Yanzu gwiwarki na kuka kamar ƙyauren langalanga.
Sallah a kan kujera.
Cikin dare numfashinki kan tsaya,
in ƙirga, ɗaya, biyu, har bakwai,
kafin ya dawo da minshari.
Ke ba ki sani ba. Ni ce ba na barci.

Ba na ce ki zama sillen kara ba.
Na san garin nan: mace ta rame, sai a fara tambaya
ko ciwo ne, ko bashi.
Kilo goma likita ya ce, shi ma a hankali,
yadda ake sauke tulu daga ka.

Shi ya sa na ɓoye gwangwanin sukari bayan buhun gawayi.
Shi ya sa zogale, shi ya sa rama,
tuwo malmala ɗaya, miya ta fi shi yawa.
Kin yi mini gaba kwana biyu.
Na ga takardar alewa a ƙarƙashin filo, ban ce komai ba.
Nima da hawan jinina, na bar gishiri,
kada ki ce ke kaɗai ake horo.

Bayan asuba, daga Gwammaja zuwa gindin Dala.
Makon farko sau huɗu kika zauna,
kina zagina a dakalin mai shayi.
Jiya sau ɗaya. Kuma zaninki ya fara zagayowa
har yana neman wuri.

Ki ji dalilina, sau ɗaya zan faɗa.
In kin riga ni, ba ni da takaba.
A bakin ƙofa zan zauna cikin masu gaisuwa,
'ya'yanki su ce, "Baba Tasalla, mun gode da ɗawainiya,"
in ce, "Ba komai."

Ban shirya wa wannan "ba komai" ɗin ba.
Tashi, gari ya fara haske.
Ga takalminki, na ɗinke igiyar.