Bakwai a Cikin Baka

Ƙarfe ɗaya na dare, Yauri ta yi tsit,
sai janareton asibiti da ke tari a bayan ɗakin magani.
Daga ni sai suwic mai baki ashirin da huɗu,
kowane baki da koren ido yana ƙyafta mini.

Na tambaye shi: kai ɗan gidan wa?
Ya rubuto a baƙin allo:
sha biyar, ɗigo, biyu,
bakwai a cikin baka, harafi guda, uku a wutsiya.
Ba suna, ba sallama.

A falas ɗina akwai wata manhaja mai sha shida a goshi.
Na ce ko a kasuwar kifi
sha shida ta fi sha biyar.
Na ɗura masa.
Ya haɗiye, ya mutu, ya tashi, ya sake mutuwa,
korayen idanu suka koma ruwan goro.
Daga ɗakin haihuwa Sista Kulu ta bugo:
"Murja, allon ya ɗauke, ina sakamakon jinin matar nan?"

Gumi, ga kuwa sanyin na'ura har cikin ƙashi.

A nan Kawu Barmo ya faɗo mini a rai.
Ƙanen babana ne, amma na ba shi damina biyu.
Ni na koya masa iyo a bakin Kwara,
ni na mare shi ranar da ya yar mini da takalmi a ruwa,
ranar salla kuma ni ke durƙusa masa.
Tsatsonsa na tsofaffi ne, haihuwarsa ta jiya.

Ashe lambar farko gida ce, ba shekaru ba.
Sha shidan nan jika ce, ta riga kawunta zuwa duniya,
ba a ma haife ta don wannan ƙarfen ba.
Ta bayan ɗigo reshe ce a cikin gidan.
Ta cikin baka kuwa na san ta tun ban san boko ba:
Baba a gindin giginya, taru a kan gwiwa, zare a haƙori,
bai taɓa cewa sabo ne ba,
sai ya ce, "Wannan ɗinki na bakwai ke nan."
Harafin yana faɗin ruwan da aka saƙa shi dominsa,
don ba a kai homa inda taru ke kwana.
Ta wutsiya ƙulli ne kawai,
kafa ɗaya da wani a wata ƙasa ya ga kifi na fita,
ya yi ƙara, aka toshe.

Na cire jika, na nemo ɗan gida:
sha biyar, biyu, bakwai a baka, harafin nan dai,
biyar a wutsiya.
Ƙulli biyu kacal ya ɗara na jiya.
Na zauna a kan kwalin kebul ina ƙirga numfashina.

Ido ɗaya ya yi kore. Sai na tara. Sai na kusa da shi,
kamar fitilun masunta in sun kewayo gungu.
Sista Kulu ba ta sake bugowa ba.
Godiyar aikinmu ke nan.

Kafin kiran assalatu na yanki farin tef,
na manna a goshin suwic, na rubuta lambar duka,
ban bar ko ɗigo ba,
a ƙasa na sa kwanan wata da hannuna,
tun da ita lamba ba ta faɗin ranar suna.

A bakin ƙofa iska ta kawo ƙarnin rafi.
Yanzu haka Kawu yana tura jirgi,
da tarun Baba, ɗinki na goma sha ɗaya.