Ɓawon Walnat

A Rustavi sanyi kan riga ni zuwa gareji.
Yau na tarar da shi kwance kan sifanu,
Tsiala kuma tsaye da jakar asibiti,
motarta na kakkarwa a sulo
kamar tsohon da aka tasa tsakar dare.

"Elguja," ta ce, "shekararta biyar kacal.
Ko bashinta ban gama biya ba.
Fulogi sabo, mai na kirki take sha,
me kuma take nema?"

Na zura 'yar kyamara ta maƙogwaron injin,
na juya mata allon.
Ga bawul takwas sun tsirar da gemu,
baƙi ƙirin, curi-curi,
kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a wuta.

Na ce, ja kujera.
A tsohuwar Volgar babana
fetur da iska ƙofa guda suke bi.
Duk wucewa, fetur na wanke ƙeyar bawul,
ba da niyya ba,
yadda kogin Mtkvari ke goge duwatsunsa.
Sai masu ilimi suka zo da dabara:
a fesa man kai tsaye cikin silinda,
a ɗaura tarbo, a ƙanƙance injin.
Ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu.
Ban musa ba, na taka, na ji daɗi.
Amma an bar ƙofar babu mai shara.
Tururin baƙin mai kaɗai ke leƙowa,
ya kwanta, zafi ya gasa shi,
na gobe ya hau kan na jiya.

Ke kuma, gida zuwa asibiti
kilomita huɗu ne, da danja shida.
Kafin jikinta ya ɗau ɗumi kin zare makulli.

Ta ce, "To, a zuba magani a tanki."
Na yi dariya har da tari.
Maganin zai bi hanyar fetur,
fetur kuwa ya daina gaisawa da bawul.
Susa ce a gefen ƙaiƙayi.

Na sauko da buhu daga kanta.
Ɓawon walnat ne niƙaƙƙe,
gyaɗar bishiya mai kama da ƙwaƙwalwa,
irin wadda mahaifiyata ke fasawa a Kakheti
duk kaka, da dutse, kan dakali,
ta daka 'ya'yan a miyar talotalo,
ta watsa ɓawon a murhu.
Da ta ga farashin da nake sayensa yanzu
da ta riƙe haɓa.

Na kwance bututun iska, na murza injin da hannu
har bawul suka rufe baki ruf.
Na feshe su da ɓawo, mazuƙi na zuƙewa.
Ya fi dauɗa tauri, bai kai ƙarfe ba,
iyakar sirrin ke nan.
Awa huɗu. Yatsuna sun ƙage.
Cikin kofin shayi guda na tara.

Da la'asar ta dawo. Aka tayar.
Na tsayar da kwabo a kan murfin injin,
bai faɗi ba.
Na ce, zai dawo fa,
bayan kilomita dubu sittin, ko ƙasa.
Riƙa sauya baƙin mai da wuri.
Ranar Lahadi ki kai ta hanyar Telavi
ta hau tudu, ta yi gumi.

Ta ƙirga lari ɗari uku ta ajiye kan buhun.
Ta buɗe ƙofa, ta tsaya,
tana kallon sigarin da ke bayan kunnena.
"Tarin nan naka, tun yaushe?"
Na ce, ƙura ce.
"Talata, ƙarfe tara, hawa na biyu.
Mu ma muna da 'yar kyamara.
Ɓawo ne ba mu da shi."