Ƙafar Katako a Shagon Catrilaf

A Neltume ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Wata takwas yana dukan kwano,
sauran huɗun yana shawarar dawowa.

Shekarata ta farko a daji
na sayi takalmi a kasuwar Panguipulli,
baƙi wuluk, yana sheƙi kamar bayan buzuzu,
rabin kuɗin na kirki.
Na dawo ina taƙama,
ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Ranar Talata ce. Ina sama, gaba goma sha biyu,
igiya a ƙugu, ƙaimi a ɓawon koyiwe,
zarto na lilo a bayana,
sai tafin hagu ya wangame baki
kamar kifin da aka jefo tudu.
Gam ne zalla. Ko zare ɗaya babu.
Na sauko da ƙafa guda da addu'a.
Benedicto ya cire hula, ya mayar,
bai ce uffan ba.

Da almuru ya ja ni shagon Eleodoro Catrilaf,
baduku mai yatsa tara,
na goman yana can wani kwari tun yana saurayi.
Ya juya gawar takalmina a hannu,
ya shinshina, ya jefa bayan murhu.

Ya ce, zauna. Yanzu ne lokacin awo,
ƙafar safe maƙaryaciya ce,
sai ta wuni ta kumbura take faɗin gaskiya.
Sa safa biyu, irin na aiki.
Ya zana tafina a kan kwalin sukari,
ya matsa ƙashin idon sawu har na ce wash.

Ya ce, kar ka dubi fuska, dubi ɗinki.
A tsakiyar tafi zan kwantar da ƙarfe,
nan ƙaimi zai ɗauki nauyinka wuni guda.
Dunduniya mai tudu, don ta kama.
Fata mai kaurin kunnen sa.
Mako shida. Kar ka zo min ran biyar,
ba a fafe gora ranar tafiya.

Sati biyun farko mun yi faɗa da su.
Sun ci ni, na zage su,
bororo ya fashe, ya zama kanta,
sannan wata safiya na taka gansakuka
na manta da akwai wani abu a ƙafata.

Dokarsa ba ta da yawa, amma ba ya yafewa:
laka ba ta kwana a ɗinki,
dusar katako ma haka, tana shan mai kamar fitila.
In sun jiƙe, nesa da wuta,
wuta ƙawar ƙafa ce, kishiyar fata ba ta kai ta mugunta ba.
Cusa musu tsohuwar jarida,
bar su su bushe a sannu kamar fushin dattijo.
Daren Lahadi kitsen sa da kakin zuma,
da yatsa, ba da tsumma ba,
don yatsa ne ke jin inda tsaga ke shirin haihuwa.

Sau biyu ya sake musu tafi.
Na ukun na je na tarar da ƙofa a buɗe,
kujerarsa babu kowa,
Ayelén, 'yarsa, da basilla a baki.
Ban tambaya ba. Ta gane ban tambaya ba.

Ta miƙa hannu saman kanta
ta sauko da ƙafar katako guda biyu,
sunana a jiki da rubutunsa mai karkata,
da ɗan ƙullutun fata da ya manna
daidai inda babban yatsana ya kauce.

Ta ce, igiyar ta fara cinyewa a rami na huɗu.
Na duba. Haka ne.

A waje ruwa ya ci gaba da karɓar haya.
Na koma gida da takalmin aro,
ina tsallake kowane kududdufi
kamar yaro.