Ƙarƙashin Wutsiyar Kifi

Rumasa'u, kife wayar nan tukuna,
gahawa na hucewa, citta na kwanciya.
Matso nan inda inuwar dutsen Taka ke faɗowa,
in gaya miki abin da buroshi ya koya mini
tun ba a ƙera na'urar da kike zane a cikinta ba.

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta allunan Kasala.
Shagon Mahajubu mai gyaran agogo, hannuna ne.
Kifin nan mai dariya a ƙofar gidan abincin tasha, hannuna ne,
har wutsiyar da na lanƙwasa don fenti ya kusa ƙarewa.
Je ki duba ƙasan kowanne,
babu sunana.
Kunya na kira abin, wani lokacin tawali'u.
Bara wani yaro ya tsaya gabana a kasuwa
yana rantsuwa kakansa ne ya zana kifin.
Na buɗe baki, na mayar na rufe.
Wa zan kira shaida? Bango?

To ke, sa hannu.
Ɗan ƙarami, a kusurwa,
kamar lambar da makiyayi ke yi wa raƙumi
don ranar da ya ɓace a san garken da za a mayar.

Jiya Attahiru ya nuna mini ayyukanki.
Litinin kin yi irin na Turkawa,
Laraba irin na wata 'yar Dubai mai mabiya tuli,
na Juma'a ban ma san na wa kika ɗauko ba.
Duk sun yi kyau. Na duba, ban gan ki a ciki ba.
Kayan aro ba ya rufe katara, 'yata.
Ina jan-ƙasan nan da kike haɗawa tun kina shekara tara,
mai kama da ruwan Gash ranar da ya fara zuwa?
Wannan naki ne.
Riƙe shi har a gaji da ganinsa,
daga nan za a fara nemansa.

Mutumin Riyad da ya ce ki yi masa tambari kyauta,
wai zai sa duniya ta san ki,
tambaye shi ko mai burodin unguwarsu na karɓar sanayya.
Faɗi kuɗinki kanki a ɗage.
Rabi kafin, rabi bayan.
Gyara sau biyu, na uku da farashinsa.
A rubuta, ko da ɗan'uwa ne.
In ɗan'uwa ne ma, a rubuta sau biyu.

Kar ki baje duk abin da kika taɓa zanawa.
Zaɓi bakwai da ba kya jin kunyarsu,
sauran su zauna a ɗaka suna yi miki karatu.

In kin ce Alhamis, to Alhamis.
Wuta za ta ɗauke, na sani, layi zai tafi yawonsa,
don haka ce Asabar tun farko, ki kai Alhamis.
Abin da ake faɗa bayan kin ajiye waya,
shi ne sunanki.

Mabiya? Uhm.
Na ga taron da ke kewaye mai wasa da maciji,
da an miƙa faranti kowa ya tuna bai yi la'asar ba.
Mutum goma masu dawowa
su suka aurar da yayyenki, suka rufa ɗakin nan.

Hannuna rawa yake yanzu, layi ya daina yi mini biyayya.
Gobe in an sauko daga asuba
ɗauko ƙaramin buroshi da gwangwanin baƙi,
ki raka ni tasha.
Akwai wuri ƙarƙashin wutsiyar kifin, faɗin yatsa biyu.
Ke za ki rubuta: Ɗahiru.
Ni zan riƙe miki tsani.
In mun gama, ki nuna mini inda ake latsawa a ɗauki hoto.