Waya ta Uku

A Idi-Araba aka kira ni, bayan la'asar,
gidan Alhaja Muyibatu, hawa na biyu,
inda Lantana ta gama wanke kifi,
ta kai jiƙaƙƙen hannu kan makunnin ƙarfe,
wuta ta gaishe ta har kafaɗa.
"Kamar an fizge ni ta ciki," in ji ta,
tana murza yatsu a gefen zane.

Na fara kashe babban makunni a ƙasan matakala,
na datse da kwaɗo, mabuɗi a aljihuna,
don Legas ba ta rasa mai tausayi
da zai ga duhu ya taimake ka da haske.
Na taɓa da testa. Shiru. Na sake taɓawa.
Mai gaggawa a sana'ar nan
ba ya ganin furfurarsa.

Kusa biyu, fuskar ƙarfen ta faɗo tafina.
Ga ja, ɓawonta ya goge a jikin akwati.
Ga baƙa a mazauninta.
Ga ta ukun, koriya mai ratsin ɗorawa,
an cusa ta a lungu kamar tsumma,
bakinta bai taɓa sanin kusa ba.
Wani ya riga ni zuwa, ya ga ƙwai ya kama,
ya ƙirga kuɗinsa, ya hau danfo.

Oga Sikiru, da ya koya mini aiki a Mushin,
Allah ya jiƙansa, yakan ɗaga ta da filaya:
"Ja da baƙa su ke dafa maka abinci,
wannan kuwa ranka take gadi.
Sai ta shekara goma kwance ba ta ɗauki komai ba,
ba mai ce mata sannu.
Ranar da wuta ta ɓace hanya ta hau ƙarfe,
ita ce mai cewa, biyo nan, ƙyale yarinyar,
ta ja ta har ƙasa, fiyus ya yanke."

Alhaja ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu.
"Fanka na juyawa. Firji na sanyi.
Kuɗin me kuma?"
Na ce, kuɗin abin da ba zai faru ba.
Ta ja tsaki, ta yi mita da Yarbanci,
sannan ta kwance bakin zane.

Na fere koriyar, na ɗaure ta a kusar akwati,
na ja guntu zuwa fuskar, na matse, na gwada da yatsa.
Soket bayan soket, sha ɗaya na ƙirga.
Iskar teku ta lashi uku har sun yi ja,
na kankare sai da ƙarfe ya yi fari,
don tsatsa ba ta isar da saƙo.
Na bi wayar ƙasa har bayan gida,
sai na tarar ta ƙare a iska,
tana lilo kusa da igiyar shanya.

Na haƙa. Ƙasar garin nan ba ta da rowa,
kamu uku, ruwa ya leƙo.
Na kafa sandar jan ƙarfe, na buga,
na buga har kaji suka bar wurin,
na ɗaure, na auna, allurar mita ta yarda.

Na buɗe kwaɗo, na mayar da babban makunni.
Ashe an ɗauke wuta.
Muka zauna a matakala, ni da Lantana da sauro,
ana kiran magariba daga masallatai biyu,
tafina duk kanta da laka.

Can yara suka yi ihu a layi.
Ta tashi, ta goge hannu sau uku,
ta kai bayan yatsa a hankali,
kamar mai taɓa goshin marar lafiya.
Ƙwai ya kama.
Ta dube ni, ta ce, "Ban ji komai ba."

Na kwashe kayana.
Wannan ba komai ɗin
shi na zo yi.