Mai Sikeli

Shekara talatin da ɗaya ina tsaron sikeli
a Tudun Hatsi, ƙarƙashin rumfar kwano.
Buhun wake ya hau, allura ta girgiza kai ta tsaya,
in faɗi lamba, ba mai musu.
Na ɗauka duk Gombe ba wanda ya san nauyi kamata.

Sai Hansatu ta dawo hutu daga Kashere
da littafi mai kaurin bulo.
Ta zauna kan buhun masara tana ɓare gyaɗa,
ta ce, "Baffa, ba wake kake aunawa ba,
jan da ƙasa ke yi masa ne.
Kai buhun nan duniyar wata,
kashi ɗaya cikin shida sikelinka zai nuna,
alhali ko ƙwaya ba ta zube ba."
Na ce Allah ya sa kada dillalai su ji.

Ta ce a fasa waken, a fasa garin, a yi ta fasawa
har a kai ƙwayar zarra:
ita ma fili ce fetal, kamar kasuwa ranar Sallah,
can tsakiya wani ɗan ƙulli,
cikin ƙullin wasu mitsi-mitsi, uku-uku,
wai su kwak. Na ce wannan ai kukan kwaɗo ne.
Ta yi dariya. Ta ce su ɗin ba su da nauyin kirki,
fizge-fizgen da suke yi a ɗaure,
kamar awaki uku a turke ɗaya,
shi ne yawancin abin da ke danne allurata.
Wato duk shekarun nan
rashin natsuwa nake auna wa mutane da kilo?

Daren nan barci ya ƙi.
Na tuna maganaɗisun tsohuwar rediyo
da Bappayo ke wasa da shi yana yaro.
Ƙusa ya ɗaga, duniya duk girmanta ta sakar masa.
To wane irin ƙarfi ne wannan,
da ya riƙe wata, bai faɗo ba, bai tsere ba,
ya gangaro da ruwan Dadin Kowa har ya zama wuta a waya,
amma guntun ƙarfe ya kayar da shi?
Na tambaye ta bayan asuba.
Ta ce, "Malamanmu ma a nan suka ja birki.
Lissafin manyan abubuwa da na ƙanana
sun ƙi shan inuwa ɗaya."
Raina ya ɗan yi sanyi. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Ta ce nauyi da makamashi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.
Rana kullum ramewa take,
tan miliyan huɗu kafin ka ƙifta ido sau biyu,
ta mai da shi haske, hasken ya sauka gonakin Kwami,
ya shiga wake, ya hau sikelina.
Ko shayi, in ji ta, da zafinsa ya fi nauyi,
sai dai ba sikelin da zai kama.

A nan na yi shiru.

Don ni na kama gefen makara ranar da mahaifiyarta ta tafi.
Ciwo ya cinye ta, ba ta kai buhun dusa ba.
Kafaɗata ba ta ƙarya:
kilo talatin da 'yan kai.
Amma shekara tara ke nan ban sauke ba.
Ɗumin tafin hannunta fa, ina ya shiga?
Hansatu ta ce makamashi ba ya ɓata, riga yake sauyawa.
Ban tambaye ta wace riga ba.
Na ji nauyinta.

Da hantsi wani mutumin Dukku ya kawo riɗi.
Allura ta girgiza kai, ta tsaya.
Na ce, "Saba'in da biyar."
Ban ce masa na mene ne ba.