Tawul Ɗin Bikin Uwani

A bikin Uwani aka raba shi,
cikin leda, tare da kofin roba.
Shuɗi ne, bai fi kamu biyu ba,
an buga sunan ango da amarya a gefe
da rubutu mai ruwan zinariya.
Inna ta ce, "Wannan na baƙi ne."
Ta rataye shi a ƙusa, saman buta.
Duk wanda ya taɓa shi a cikinmu
ya kwana da zafin ranƙwashi.

Wata uku ya yi yana sarauta,
har ranar da Kawu Sallau ya zo daga Kakuri.
Ya ci tuwo da miyar taushe, ya yi gumi,
ya wanke hannu sama-sama,
ya bar masa tambarin manja, yatsu biyar cif.
An jiƙa, an cuɗa, an shanya a rana,
tambarin Kawu ya ce yana nan daram.
Ran nan aka tuɓe masa rawani,
ya koma madafa.

A can ya koyi aiki.
Shi ke kama kunnen tukunya in ta yi zafi,
shi ke lulluɓe ƙullun waina ya kwana ya tashi.
Da azahar a ɗaure kwanon Baba a cikinsa,
in rungumo shi har Kasuwar Barci,
in tarar da Baba a kan keken ɗinki,
shinkafa ba ta huce ba.
In famfo ya ƙafe a Tudun Wada,
Inna ta naɗe shi gammo,
ya ɗauki jarka bai ce uffan ba.

Amma daren da nake tunawa
shi ne daren da zazzaɓi ya kama Ɗanliti.
An ɗauke wuta, sauro na kiɗa,
jikin yaro kamar garwashi.
Inna ta tsoma shi a ruwan randa,
ta matse, ta shimfiɗa a goshi,
ya yi ɗumi, ta sake tsomawa.
Ina riƙe da fitila, ina ƙirgawa,
na kai arba'in barci ya sace ni.
Da ladan ya kira assalatu
sai na ji ƙaramar murya tana neman koko.
Inna ba ta yi kuka ba.
Fuskarta kawai ta goge da shi,
ta daɗe tana gogewa.

Bayan nan ya hau kafaɗar Baba,
ya sha gumin bazara shekara biyu,
ya share man keke, ya kaɗe ƙurar awarwaro,
gefensa ya fara zubar da zare
kamar gemun tsoho.

Yau Uwani 'ya'yanta biyar a Rigasa,
ta aurar da ta fari.
Zinariyar nan ta bi ruwan wanki,
sunan ango ya tafi gaba ɗaya,
na amarya saura harafin farko.
Shuɗin ma ya koma kalar toka.

Da na karɓi albashina na fari
na shiga kasuwa na sayo dozin guda,
farare tas, masu laushin auduga.
Na ce, "Inna, a yar da wancan, ya gaji."
Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya,
ta sa mini albarka,
ta buɗe akwati ta jera su a ƙasan zannuwa.
Ta ce, "Waɗannan na baƙi ne."

Sai ta jawo tsohon daga kafaɗa,
ta kama kunnen tukunya,
ta sauke mana tuwon dare.